Uwa da 'ya a aikin taimako: yadda za ku haɗa ƙungiyar tallafa wa marayu a unguwarku, mataki-mataki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa gaskiya, a gidan biki, a gidan suna, ko an tashi daga Islamiyya sai wata ta ja ni gefe, wai ya ake yi ne uwa ta ja 'yarta su shiga aikin taimako tare, ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, sai an yi rajista ne ko kuwa a'a. Shi ya sa na ce bari in zauna in jero shi gaba ɗaya yadda wadda ba ta taɓa yi ba ma za ta iya bi.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun yanzu. In dai yarinya za ta zo ne kawai ta riƙe miki jaka ta ɗauki tire, to aike ne irin wanda take yi kullum a gida, kafin wata biyu za ki ga ranar fita ce ranar da ciwon kai yake kama ta. Duk tsarin da zan kawo a ƙasa an gina shi ne a kan 'ya ta samu aikin da yake nata, wanda in ba ta yi ba babu mai yi.

Kayan da za ku tanada ba su da yawa: littafi mai kauri guda biyu, biro, ɗan littafin rasit, maka, kwanon awo guda ɗaya tak wanda da shi za a auna komai, ledoji, tef ɗin awo irin na tela, da waya mai WhatsApp.

1. Fara da cikin gidanki

Kafin ki faɗa wa ƙawa ko maƙociya, maigida ne farko. Kar ki ce masa kawai "za mu fara ƙungiya", wannan kalmar tana tsorata maza da yawa don abin da suke hangowa yawo ne da anko. Faɗa masa a fili: sau nawa za a fita a wata, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, gidan wa ake taruwa, nawa za ki riƙa bayarwa. In yarinyar ba 'yarsa ba ce ko riƙonta kike yi, wanda yake da iko da ita ma ya sani.

Sannan ita yarinyar. Tambayarta za ki yi, ba sanarwa ba. "Akwai abin da nake so mu yi ni da ke, ga shi ga shi, me kika gani?" In ta yi shiru ko ta ce toh a sanyaye, bar ta ta zo zama ɗaya ta gani da idonta tukuna.

Gargaɗi: kar ki taɓa mayar da aikin nan horo. Irin "tunda ba kya jin magana gobe sai kin bi ni gidan marayu ki ga yadda wasu suke rayuwa". Wallahi wannan maganar tana kashe abin tun daga tushe, kuma cin fuska ne ga marayun, su ba abin tsorata yara ba ne.

2. Haɗa mutane, amma kaɗan

Iyaye biyar zuwa takwas da 'ya'yansu sun isa a fara. In kuka kai talatin ranar farko, hayaniya za ta fi aiki yawa kuma babu falon da zai ɗauke ku. Ki nemi waɗanda kuke unguwa ɗaya ana iya takawa a ƙafa, saboda kuɗin adaidaita sahu shi ne yake fara cinye zuwan mutane.

Shekarun 'yan mata, daga goma sha biyu zuwa sama ne suke iya riƙe aiki. Ƙanana za su iya zuwa ranar ƙulla kaya a leda, suna jin daɗinsa sosai. Kuma in na ce 'ya ba sai wadda kika haifa ba, 'yar riƙo, 'yar kishiya, 'yar ƙanwa, agola, har yarinyar da take taya ki aiki a gida in tana so kuma iyayenta sun yarda. Haka yarinyar da uwarta ta rasu ko ba ta iya fita, wata uwa a cikinku ta ce ni ce tata a nan.

Ba dole sai kun ƙirƙiri sabuwa ba. FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985 take aiki kuma tana da rassa har ƙananan hukumomi, akwai Jam'iyyar Matan Arewa, 'yan uwa Kirista suna da zumuntar mata a coci, Islamiyyoyi da yawa na matan aure suna da kwamitin marayu. In akwai irin wannan kusa da ku, ku je ku ce muna so mu buɗe ɓangaren iyaye da 'ya'ya a ƙarƙashinku, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: kar a fara da zancen anko, ko hijabi iri ɗaya mai tambari, ko wa za ta zama shugaba. Ƙungiyoyi da yawa a nan suka mutu ba su ciyar da ko mutum ɗaya ba.

3. Ku gai da mai unguwa da liman

Iyaye biyu manya su je, in da hali da rakiyar mijin ɗaya. A gaisa a yi bayani a taƙaice. Su suka san gidan da aka yi rasuwa, su ne kuma za su tare muku in wani ya tashi da maganar su waye waɗannan suke shiga gidajen mutane. Matar liman da ungozomar unguwa ma ku riƙe su da kyau, sun san cikin gidaje fiye da mazan.

Amma ku saurara da kyau: sunayen da za su ba ku shawara ce, ba shi ne lis na ƙarshe ba. Ku faɗa musu haka tun ranar cikin ladabi, "Ranka ya daɗe duk sunan da aka ba mu sai mun je mun gani, ƙa'idarmu ce ga kowa."

4. Aiki ɗaya tak a shekarar farko

Zuciya za ta ce a yi komai, abincin azumi, kayan sallah, kuɗin makaranta, asibiti, aurar da marayu. Ku zaɓi ɗaya. Ni shawarata ga masu farawa ita ce ɗayan biyun nan, ko ɗanyen abinci na azumi ga gidajen marayu goma zuwa sha biyar, ko kayan sallah ga yara ashirin zuwa talatin. Dukansu suna da ranar farawa da ranar gamawa, ana iya lissafa su, kuma akwai aikin da yarinya za ta iya yi da hannunta daga farko har ƙarshe.

Dafaffen abincin buɗa baki kullum har kwana talatin ku bar shi sai kun yi ƙarfi. Yana cin itace ko gas, yana cin jiki, ga masu girkin suna azumi, yawanci zuwa goma ga wata mutum biyu ake bari da tukunya.

Ku duba kalandar yaran kafin ku sa rana. Mai rubuta WAEC ko NECO ko JAMB a ɗaga mata ƙafa a wannan zangon ba tare da gori ba. Yammacin Alhamis ko Juma'a ya fi dacewa da zama a wurare da yawa tunda babu Islamiyya.

5. Rabon aiki, nan ne zuciyar abin

Kowane muƙami a yi shi mutum biyu, babba da yarinya. Ma'aji uwa ce take riƙe kuɗi, amma littafin shiga da fita yarinya ce take rubutawa. Sakatariya uwa, mai rubuta abin da aka tattauna da tura sanarwa a gurup yarinya. Mai sayayya uwa, mai riƙe lis da tambayo farashi a shago uku kafin a saya yarinya. Mai kula da sito uwa, mai ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita yarinya.

Toh ga sirrin da mutane ba sa ganewa: kar ki haɗa yarinya da uwarta a muƙami ɗaya. A musanya. 'Yarki ta yi aiki da Maman wance, 'yar Maman wance ta yi da ke. Dalili na farko amana ce, in uwa tana riƙe kuɗi 'yarta tana rubutawa, ko sun fi kowa gaskiya sai an samu mai magana. Dalili na biyu kuma mu mun san kanmu, akwai kunya tsakanin uwa da 'ya musamman 'yar fari, wata ko sunanta ba ta faɗa balle ta yaba mata a gaban mutane, in yarinyar ta yi daidai shiru, in ta yi kuskure harara. A hannun Anti ko Goggo kuwa sai ki ga yarinyar da ba ta magana a gida ta buɗe baki tana ba da shawara, ke kuma kina gefe kina jin wata tana cewa "kai Hajiya wannan 'yar taki akwai kai", kin ga 'yarki ta fuskar da ba ki saba gani ba ita ma ta gan ki kina aiki da mutane ba faɗan wanke-wanke ba. A hanyar komawa gida kuma ku biyu ne, a nan hirar take fitowa da kanta.

A kowane zama a ware minti goma na 'yan mata su yi magana iyaye su yi shiru. Da farko za su yi ta sunkuyar da kai suna wasa da bakin hijabi, kar a cike musu shirun, a jira. In suka kawo shawarar da ba ta da illa ko da ba ita kuka fi so ba, a bi tasu wani lokacin.

Gargaɗi: ba a yi wa yarinya faɗa a gaban ƙungiya, ko uwarta ce. Kuma ba a kwatanta su, "dubi 'yar wance yadda take da himma". A gurup ɗin WhatsApp kuma kar a sa lambar 'yan mata inda akwai maza ko baƙin masu ba da gudummawa, gurup ɗin ciki daban, lambar da ake bai wa jama'a ta uwa ce babba.

6. Kuɗi

Ku fara da aljihunku kafin ku roƙi kowa. A yanka abin da mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku za ta iya bayarwa duk wata ba tare da ta takura ba, mai hali ta ƙara a asirce. Misali don lissafi kawai, iyaye takwas kowacce naira 3,000 a wata, 24,000 ke nan, a wata shida kun tara 144,000. Yaran ma su riƙa sa nasu ko naira 100 ko 200 ne daga kuɗin tara ko na kitso, a rubuta da sunansu a littafi, yana sa su ji abin nasu ne.

Yadda za ku kasa kuɗin: cikin kowace naira goma, bakwai kayan da za a raba, ɗaya mota da dako, ɗaya leda da ɗinki da ƙananan abubuwa, ɗaya a ajiye kar a taɓa. Wannan ta ajiyar ita za ta cece ku ranar da kuka je kasuwa kuka tarar farashi ya tashi, don kuwa farashin da kuka tambayo wata biyu da suka wuce ba shi za ku tarar ba.

A buɗe akawun na daban wanda ba a sa komai a ciki sai kuɗin ƙungiya, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint, duk alat ɗin da ya shigo a tura hotonsa gurup a ranar. Tsabar kuɗi kuma rasit nan take. Ba a fitar da ko sisi sai mutum biyu sun sani.

Gargaɗi guda uku a nan, kuma dukansu sun raba zumunci a wurare da yawa. Kar a haɗa kuɗin marayu da adashe. Kar a ba da rancensa ko ga 'yar ƙungiya, ko ta yi rantsuwa gobe za ta dawo da shi. Kuma in wani ya ba ku zakka ya ce zakka ce, a rubuta ta a shafi daban, don zakka tana da mutanenta guda takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60, ba a sayen leda ko biyan mota da ita yadda aka ga dama, ku tambayi malami kafin ku taɓa. Yarinyar da ba ta kai sha takwas ba kuma rubutu ne nata, kar a ba ta ajiyar kuɗi, in ya ɓata an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta.

7. Tantance gidaje

Wannan matakin shi ya fi kowanne buƙatar hankali. Iyaye biyu da yarinya ɗaya babba, ba tawaga ba, da shiga ta mutunci ba gwala-gwalai ba, da rana ba lokacin ɗora tukunya ba don kar a kunyata mai gida in babu abin da aka ɗora.

A yi sallama a jira a amsa. A zauna inda aka shimfiɗa, in an kawo ruwa a sha. A yi gaisuwa a yi ta'aziyya ko rasuwar ta daɗe, "ya ƙarin haƙuri, Allah Ya jiƙan malam Ya raya abin da ya bari." Daga nan hira ce, yara nawa ne, suna zuwa makaranta, wace sana'a ake taɓawa, akwai mai lalura a gidan. Ba a fito da littafi a gaban matar. Yarinya ta riƙe a ka, in an fito an sha kwana sai ta rubuta. Ki koya mata tun a gida cewa ido yana gani baki yana shiru, ba a waige-waige a ɗakin mutane, ba a toshe hanci, ba a taɓa juna ana raɗa. Abin da za ta lura da shi ba sai an tambaya ba: murhu ya yi kwana nawa ba a hura ba, takalman da ke bakin ƙofa, yaro ɗan shekara tara yana gida da hantsi ranar makaranta.

Kar ku yi alƙawari. "Mun zo gaisuwa ne, in Allah Ya hore za ku ji mu." Shi ke nan.

Ku tuna masu tsananin buƙata sau da yawa ba su ne masu zuwa ƙofa ba. Akwai matar da za ta kwana biyu ba ta ci ba ta wanke kayanta tsaf ta fito ba mai ganewa, irin su sai ta bakin ungozoma ko maƙociya.

Gargaɗi: abin da aka gani a gidan mutane amana ne. A faɗa wa 'yan mata ƙarara, in labarin gidan wance ya fita a makaranta ko Islamiyya, wataƙila ma ajinsu ɗaya da 'yar gidan, to an cuci yarinyar nan cutar da buhun shinkafa ba zai goge ba. Littafin sunaye uwa ɗaya ce take ajiye shi, a gurup lamba ake kira, gida na 4, gida na 9. Kuma yarinya ba ta zuwa gidan kowa ita kaɗai, ko ta san gidan.

8. Sayayya

In abinci ne, hatsi da kaka ake saye lokacin da ya fi araha, a ajiye. Gero, masara, wake. A Kano Dawanau ce ta hatsi, Singa ta shinkafa da sukari da mai da taliya, a sauran garuruwa kun san kasuwar ƙauyen da take ci kusa da ku. Ku je da kwanonku na awo, a buɗe buhu a zura hannu har ƙasa, don wani buhun samansa ne kawai mai kyau. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ninki uku a ɗaure kowane ninki da kyau, ba ya buƙatar magani. Don Allah kar a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abincin da mutane za su ci.

Ƙullin gida ɗaya ya danganta da ƙarfinku, amma gero da sukari su ne gaba a azumi saboda kunu da koko, sai shinkafa, wake, mai, magi, ɗan dabino. Gara gida goma su samu abin da zai kai su sati biyu da gida hamsin su samu na wuni ɗaya.

In kayan sallah ne, a gama sayen yadi a kai wa tela tun cikin Sha'aban. Wadda ta kai ɗinki bayan goma ga azumi ta san abin da za ta tarar. Turmin atamfa yadi shida ne, yana yi wa ƙananan yara mata biyu, wani lokacin har uku in ƙanana ne sosai. A kasuwar Kantin Kwari ta Kano in za ku ɗauki da yawa ku nemi farashin sari. Kar a manta da yara maza, yadi da hula, sau da yawa hankali yana tafiya kan 'yan mata a bar su.

Awo aikin 'yan mata ne kuma suna iya shi. Tef, da takarda ga kowane yaro. Takalmi kuma ga dabara, yaro ya taka kwali a zagaye ƙafarsa da biro a yanke a rubuta lambar gidan a jiki, da kwalayen nan za a je kasuwa ana zura su cikin takalmi, a ƙara ɗan sarari don ƙafar yaro ba ta jira. Kowane yadi a yanki ɗan ƙyalle a maƙala a takardar awon, ɗaya wurin tela ɗaya wurinku. A raba ɗinkin ga tela biyu ko uku, a ba da rabin kuɗi, sauran sai an karɓa, ranar karɓa kuma a sa ta kwana goma kafin sallah.

Gargaɗi babba: kar a yi wa marayu anko. Na san ya fi araha a sayi zane iri ɗaya, amma ranar idi duk unguwa za ta gane su daga nesa, ga 'yan kayan sadaka nan. A sayi kala daban-daban yadda yaro zai shiga cikin 'yan uwansa ba mai sanin wa ya ɗinka masa. Gwanjo ko kayan da 'ya'yanku suka daina sawa, in za a haɗa, sai mai kyau wanda aka wanke aka goge, kuma ƙari ne ba shi ne kayan sallar ba.

9. Ranar ƙulli

Kwana ɗaya ko biyu kafin rabo, a tsakar gida mai faɗi, a shimfiɗa tabarmi. Layi ake yi, mai awo, mai riƙe leda, mai ɗauri, mai rubuta lamba da maka, mai duba lis. Man girki a ninka masa leda biyu, sukari kar ya haɗu da omo ko sabulu a ƙulli ɗaya don yana ɗaukar ƙamshin. A ƙirga sau biyu, mutum biyu daban. Wannan ranar ku bar yaran su ja ragama, ku dafa musu ɗan abu in ba azumi ba ne, a yi raha.

In kun kai ga dafaffen abinci wata shekarar, buhun shinkafa mai kilo 50 yana ba da wajen roba 250 zuwa 300 gwargwadon hannun mai zubawa. A sauke kusa da lokacin rabo, kar a rufe abinci da zafinsa tun azahar a bar shi cikin leda a zafin nan, wake da alala musamman ba sa jira.

10. Rabo: ku kai, kar ku tara

Kar ku yi sanarwa, kar ku ce a zo ƙofar gidan wance a karɓa. A watan Maris na 2024 mata sun rasa rayukansu a turmutsutsin rabon zakka a Bauchi, a Disambar shekarar kuma yara 35 suka mutu a Ibadan wajen wani taron rabon kyauta, cikin 'yan kwanaki aka sake yin irinsa a Abuja da Okija ta jihar Anambra. Duk masu rabon alheri suka nufa. Da yunwar da ake ciki, kin kira mutum ashirin ɗari biyar za su zo, kuma ku mata ne da yara ba ku da yadda za ku tare su.

A ɗauki adaidaita ɗaya na wanda aka sani, a yi jinga da shi ta wuni, a bi gida-gida, kayan a cikin buhu ko baƙar leda. Da sassafe ya fi ko bayan la'asar, a gama kafin magariba. Yarinya ce za ta miƙa, da hannu biyu, ta ɗan rusuna, "Mama ga shi in ji iyayenmu, ba yawa, a sa mu a addu'a." Ba a daɗewa, ba a jiran godiya, in matar ta fara kuka a yi mata sallama a hankali a fito.

Gargaɗi: hoto. A nan ake samun saɓani da 'yan mata don su komai sai an ɗauka, wasu iyayen ma haka. A yanke hukunci tun kafin a fita, ba a ɗaukar fuskar wanda aka bai wa, ba a ɗaukar ƙofar gidansa, ba a cewa yaro riƙe leda ka yi murmushi. Masu ba da gudummawa suna da haƙƙin ganin inda kuɗinsu ya tafi, to a nuna musu hoton kaya a jere, rasit, da lissafi. Allah Ya ce kar mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, a Baƙara aya ta 264, hoton maraya yana yawo a Facebook da TikTok kuwa zai girma ya tarar da shi.

11. In za ku je asibiti ko gidan marayu

Ba a faɗawa haka kawai. A rubuta takarda a kai wa hukumar wurin a karɓi rana. Gidan marayu na gwamnati irin na Nassarawa a Kano a ƙarƙashin ma'aikatar mata yake, a asibiti kuma a nemi sashen walwalar marasa lafiya, su suka san wanda aka rubuta wa magani ya kasa saya. Ku tambaya me ake buƙata kafin ku sayi komai, sau da yawa sabulu, omo, famfas, audugar mata, zani da bokiti sun fi biskit da lemo amfani, musamman a wuraren masu lalurar yoyon fitsari irin cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano ko ta Babbar Ruga a Katsina.

Ba a bai wa majinyaci abinci sai an tambayi nas, wani yana da ciwon suga wani ana shirin yi masa tiyata. Kuɗin magani a biya a wurin biya a karɓi rasit. Ƙananan yara a bar su a gida, manyan ma a faɗa musu abin da za su gani tun kafin a shiga, wadda ta ji ba za ta iya ba ta tsaya a waje ba laifi, a sa takunkumi a wanke hannu da an fito. In kun dawo ki zauna da 'yarki ki ji yadda ta ji, wata za ta yi shiru ne kawai abin yana cinta a rai.

12. Zaman lissafi da maganar rajista

Cikin sati ɗaya bayan rabo a zauna. Yarinya mai littafi ta miƙe ta karanta, abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage, ma'aji ta nuna balas a waya ya yi daidai da littafi. A tura wa duk wanda ya ba da ko naira 500 ce taƙaitaccen lissafin. Sannan a tambayi kowa me ya ba da wahala, a fara da yaran, a rubuta a littafi na biyu don baɗi.

Rajista ba ta gaggawa ba ce. Ku yi shekara ɗaya ko biyu ku ga kun tsaya, sai ku fara da ta ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha. Ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai in kuna son akawun da sunan ƙungiya ko za ku nemi tallafi daga manyan hukumomi. Ita tana buƙatar amintattu aƙalla biyu waɗanda suka kai shekara 18, da kundin tsarin ƙungiya, da buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, banki kuma yawanci zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, wato sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Kuɗin wannan a tara shi daban daga aljihun iyaye, ba daga na marayu ba, kuma a tambayi lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi nawa ne a lokacin kafin a ba kowa kuɗi.

Sai abu na ƙarshe da za ku shirya masa tun yanzu, 'yan matan nan tafiya za su yi, wata jami'a wata gidan miji. Duk mai riƙe da littafi ko lis a sa mata ƙanwa 'yar sha biyu ko sha uku tana zama kusa da ita tun shekara guda kafin ta tafi, kuma a riƙa juya muƙaman yaran duk shekara don kowacce ta taɓa lissafi ta taɓa kasuwa ta taɓa shiga gidaje. Wadda ta yi aure a kusa a bar ta a gurup, kuɗin wata kuma a mayar da ita layin iyaye in ta ce ta shirya. Kafin a tashi daga zaman lissafin a sa ranar zama na gaba da gidan da za a yi shi, a rubuta, mai sanarwa ta tura a daren.